Yadda Ake Ɗinka Jakar Atamfa Mai Tsayawa da Gindinta

'Yan uwa mata masu sha'awar ɗinki suna yawan kawo ƙorafi iri ɗaya: sun ɗinka jaka, atamfar mai kyau ce, ɗinkin ma bai karkace ba, amma da an ajiye ta sai ta zube, kuma kafin wata ya zagayo hannun ya fara yagewa. Laifin ba na keke ba ne. Yawancin aikin jaka ana yin sa ne a kan teburin yanka da teburin guga, kuma nan ne masu koyo suke gaggawa. Jakar da za mu ɗinka a nan ta rataya ce, mai shafi da aljihu a ciki da maɓallin maganaɗisu. Idan an gama, tsayinta inci 13 ne, faɗin gindinta inci 13, kaurinta inci 4. Za ta ɗauki Alƙur'ani da littattafan Islamiyya, ko kayan jariri na zuwa asibiti. Da mata nake magana, amma namijin da ke da keke ya bi matakan yadda suke.

1. Haɗa kayan aiki

Kina buƙatar atamfa yadi 1, yadin shafi rabin yadi, da gam-ste yadi 1, wato farin yadin nan mai gam a fuska ɗaya da teloli suke manna wa kwalar riga. Sai zare kalar atamfar, maɓallin maganaɗisu 1, allurar keke lamba 16, fil, alli, tef, rula, almakashi mai kaifi, reza, da dutsen guga. Ki nemi kuma wata roba mai ɗan tauri da za a shimfiɗa a gindi. Bangon tsohon fayil na roba ya isa.

Ba sai kin yanko sabon turmi ba. Ragowar ɗinkin sallah ko tsohon zanen da bai koɗe ba duk za su yi, in dai auduga ce ta gaske. A Kano, atamfa tana Kantin Kwari, kayan teloli kuma an fi samun su a Sabon Gari. A sauran garuruwa ki tambayi telan unguwa inda yake sayen zif da zare, a nan za ki samu komai. Mutanen Maradi da Damagaram da suka saba da santimita su riƙe cewa inci 1 santimita 2.54 ne, yadi 1 kuma inci 36 ne, kusan santimita 91.

Gargaɗi a kan gam-ste: iri-iri ne. Akwai mai laushi kamar takarda, akwai matsakaici mai kama da yadi, akwai mai tauri sosai na kwala. Na takardar bai riƙe jaka, yana yagewa daga ciki bayan wanki ɗaya ko biyu. Mai taurin yana tsayar da jaka da kyau amma yana wahalar da mai koyo wajen juyawa. Ki fara da matsakaicin. Idan mai shago ya miƙo miki mafi araha, ki ja shi da hannu biyu. In ya yage cikin sauƙi ki mayar masa. Araha ba ta ado.

Shafin kuma kada ya zama mai santsi irin na cikin siket, yana zamewa a ƙarƙashin allura kuma makulli yana huda shi. Yadin auduga mara zane, mai haske, ya fi. Hasken yana da amfani: a cikin jaka mai baƙin shafi sai kin zazzage komai kafin ki ga makullinki.

2. Wanki da guga kafin almakashi

Idan atamfar sabuwa ce, ki fara cire takardar kamfani da aka manna mata. Ki ɗora dutsen guga mai ɗumi ta bayan wurin na ɗan lokaci, gam ɗin zai saki, takardar ta ɗago ba tare da ta bar tabo ba. Daga nan ki jiƙa ta a ruwan sanyi, ki ɗauraye, ki shanya a inuwa. Dalili biyu ne. Auduga tana tsukewa a wankin farko, gam-ste kuwa ba ya tsukewa tare da ita, sai fuskar jakar ta yamutse. Na biyu, sabuwar atamfa tana da sitacin kamfani wanda yake hana gam kamawa. A nan ne kuma za ki gane ko tana zuba. In ruwan ya rine sosai, ki zaɓi shafi mai duhu kaɗan.

Ki goge ta sumul tun tana da ɗan danshi. Mai adon zinari ko ƙyalli ta baya ake goge ta.

3. Awo da yanka

Duk awon da ke ƙasa an riga an haɗa shi da rarar ɗinki rabin inci, abin da teloli ke kira alawus. Kada ki ƙara komai.

Daga atamfa: jiki guda 2, kowanne faɗi inci 18, tsayi inci 16. Hannu guda 2, kowanne faɗi inci 4, tsawo inci 28. Aljihu guda 1, inci 10 da inci 13.

Daga shafi: guda 2, faɗi inci 18, tsayi inci 15 da rabi. Da gangan aka rage rabin incin, don kada shafin ya taru a gindin jaka.

Daga gam-ste: guda 2 masu inci 17 da 15, guda 2 masu inci 2 da 26 na hannu, da ƙanana guda 2 masu inci 2 da 2 na maɓalli.

Kafin ki sa almakashi ki tsaya ki kalli zanen atamfar. Idan tsuntsaye ne ko fure mai kai da gindi, ki tabbata duka ɓangarorin biyu suna kallon sama. Wannan ne ya sa muke yanka jikin gida biyu maimakon a ninke yadi ɗaya, domin in aka ninke, ɓangare ɗaya zai fito a kife. Ki kuma nemi babban furen ya faɗo tsakiya, ɗan sama kaɗan, saboda inci 2 da rabi na ƙasa za su shige ƙarƙashin jakar. Wannan zai ci yadi fiye da yankan kai-tsaye, amma shi ne abin da ido yake fara gani. Gefen atamfa mai rubutun kamfani ki yanke shi ki ajiye, kada ya shiga awo.

Yanzu a kusurwoyin ƙasa guda biyu na kowane jiki, da na kowane shafi, ki zana murabba'i mai inci 2 da 2 ki yanke shi. Kusurwa 8 ke nan. Ki yanki kwali ɗaya daidai wannan girman ki riƙa ɗorawa kina zanawa, don duk su fito iri ɗaya. Idan ɗaya ta fi sauran ko da kwatan inci, jakar za ta tsaya a karkace kuma babu gugar da za ta gyara ta.

Tsawon hannu inci 28 na mai ratayawa a kafaɗa ne a kan hijabi ko mayafi. Mai son riƙewa a hannu ta yanka inci 20.

4. Manna gam-ste

A wannan mataki nake so ki fi ɓata lokaci.

Ki shafa gam-ste da yatsa. Fuska ɗaya tana da kaushi ko ɗan sheƙi, ita ce mai gam. Ki shimfiɗa atamfa ta kife, bayanta yana sama, ki ɗora gam-ste fuskar gam tana kallon ƙasa, a tsakiya, yadda rabin inci na atamfa zai rage ta kowane gefe. Kusurwoyin ƙasa ki rage masa su ma ya bi yankan, ya bar rabin inci. Ana barin wannan gefen ne don kada wurin ɗinki ya yi kaurin da allura za ta kasa ratsawa.

Ki rufa wani ƙyallen auduga mai ɗan danshi a kai. Ki ɗora dutsen guga ki danna, ki ƙirga goma zuwa sha biyar, ki ɗaga, ki matsa gaba ki sake dannawa, sabon wurin yana ɗan hawa kan na baya. Daga tsakiya ake farawa a nufi gefe. Kada ki ja dutsen kamar mai gugar riga. Ja yana ture gam-ste ya tattare, kuma in ya kama a tattare ya kama ke nan. Idan kin gama ki bar shi a shimfiɗe ya huce sarai kafin ki ɗaga. Gam yana kamawa ne lokacin da yake hucewa, mai ɗagawa da zafi ita ce take ganin fuskar jakarta ta ɗaɗɗago daga baya.

Bayan ya huce ki gwada ɓamɓare kusurwa da farce. In ta ɗago, ki maimaita. Ki juya ta fuska ki duba ko akwai inda iska ta shiga, ki sake dannawa a wurin.

Mai amfani da dutsen gawayi ta kula sosai. Zafinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana iya narkar da gam ya ɓullo ta fuskar atamfa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda aikin. Ki bari garwashin ya kwanta, ki kaɗe toka, ki gwada a kan ƙyalle tukuna. Idan kuma kika kife gam-ste bisa kuskure gam ya manne a gindin dutse, ki goge shi a kan tsumma tun da zafinsa, kafin ya ɓata sauran yadin.

5. Hannun jaka

Ki ninke kowane hannu gida biyu ta tsawonsa, baya na haɗuwa da baya, ki goge layin tsakiya ya fito. Ki buɗe. Ki ɗora gam-ste mai inci 2 a tsakiya, layin gugar yana raba shi biyu, inci 1 na atamfa ya rage a kowane ƙarshe, ki manna. Sai ki kalmaso gefe biyu su haɗu a layin tsakiya, ki goge, ki sake ninkewa a kan layin. Kin samu hannu mai faɗin inci 1, ninki huɗu, babu bakin yadi a waje.

Ki ɗinke gefen da yake buɗe dab da baki, sannan ɗaya gefen. Duka biyun ki faro daga ƙarshe ɗaya. In kika tafi ta nan kika dawo ta can, hannun zai murɗe. Ki ɗan ƙara tsawon taku a keken, ɗinkin da ido zai gani ya fi kyau da manyan taku.

6. Aljihu da maɓalli

Ki ninke yadin aljihu fuska da fuska ya zama inci 10 da 6 da rabi. Ki ɗinke gefe ukun, ki bar ƙofa ta inci 3 a ƙasa, ki datse tsinin kusurwoyi, ki juya, ki goge. Wurin ninkin shi ne bakin aljihu. Ki ɗora shi a fuskar shafi ɗaya, a tsakiya, inci 4 daga sama, ki ɗinke gefe da ƙasa, ƙofar za ta rufe da kanta. Ki raba shi da layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ki auna wayarki tukuna ki ƙara mata inci 1. A bakin aljihun ki je ki dawo sau uku, nan ne yake fara ɓallewa.

Maɓallin maganaɗisu yana zuwa gida huɗu: mace, namiji, da faranti biyu masu tsaga. Ki nemo tsakiyar kowane shafi, ki sauko inci 2 daga sama, ki sa alama. Ta baya ki manna ƙaramin gam-ste a wurin. Ki ɗora farantin ki zana tsagoginsa biyu, ki tsaga da tsinin reza ƙasa da yadda kike zato. Gara ki tura ƙafafun maɓallin da ƙyar da a ce sun yi sako-sako. Ki zura ta fuska, ki sa faranti ta baya, ki lanƙwashe ƙafafun. Ki manna wani ƙyalle a kansu don kada ƙarfen ya ci atamfar ta ciki.

Kada tazarar maɓallin daga baki ta gaza inci 2. In ya kusanci baki, ƙafar keke, wato ƙarfen da yake danne yadi a wurin allura, za ta hau kansa a ɗinkin ƙarshe, ta karya miki allura.

7. Haɗa jiki da fitar da gindi

Ki haɗa jiki biyu fuska da fuska, ki kafa fil. Ki ɗinke gefe biyu da ƙasa a rabin inci, ki bar wuraren da aka yanke murabba'i a buɗe. Farko da ƙarshen kowane layi ki kulle shi da komawa baya. Ki buɗe rarar ɗinkin ki goge ta ta kwanta hagu da dama. Da yawa suna tsallake wannan gugar, shi ya sa gefen jakarsu yake kumbura.

Yanzu kusurwa. Ki sa yatsu cikin ramin murabba'in ki ja shi ya buɗe, har ɗinkin gefe ya hau daidai kan ɗinkin ƙasa, bakin ya zama miƙaƙƙen layi. Ki soka fil ta tsakiyar ɗinkin sama ki duba ko ya fito ta tsakiyar na ƙasa. In bai fito a nan ba ki gyara, kada ki ce ai kaɗan ne. Ki ɗinke a rabin inci, ki sake bi a kai karo na biyu saboda nan ne nauyi yake sauka. Layin zai auna inci 4. Ki yi wa ɗaya kusurwar haka, ki juya jakar, ki tura kusurwoyi da yatsa. Ki ajiye ta a kan tebur. Ya kamata ta tsaya da kanta tun yanzu.

Shafi ma haka za ki yi masa, da bambanci ɗaya: a ɗinkin ƙasa ki bar ƙofa ta inci 6 a tsakiya, ko 7 in gam-ste ɗinki mai tauri ne. Mai mantawa da wannan ƙofar sai ta farke aiki. Shafin ki bar shi a bai-bai.

8. Kafa hannu

A bakin jakar ki nemo tsakiya, ki auna inci 3 hagu, inci 3 dama. Ki ɗora hannu a fuskar atamfa yana lilo ƙasa, gefensa na ciki a kan alamomin, ƙarshensa kuma ya zarce bakin jakar da inci 1 cif. Wannan zarcewar ita ce maganin yagewar hannu. Masu daidaita ƙarshen hannu da bakin yadi suna rataya nauyin jakar gaba ɗaya a kan rabin inci, kuma bakin atamfa yana zarewa. Ki bi hannun da yatsa daga farko zuwa ƙarshe ki tabbata bai murɗe ba, ki kama shi da ɗinki a kwatan inci. Ki yi wa ɗaya ɓangaren, sannan ki ɗaga jakar ta hannu biyun ki ga ko tsawonsu ɗaya.

9. Haɗa jiki da shafi

Jiki yana a daidai, fuskarsa a waje. Ki zura shi cikin shafin da yake a bai-bai, fuska ta haɗu da fuska, hannuwan suna kwance a tsakaninsu. Ki fara haɗa ɗinkin gefe da ɗinkin gefe, sannan tsakiya da tsakiya, sannan sauran. Ki zagaye bakin a rabin inci.

Idan kin iso kan hannu ko ɗinkin gefe, ki cire ƙafa daga feda ki juya keken da hannu, taku ɗaya-ɗaya. Kada ki ja yadin ta baya don ki taimaka masa, haka ake lanƙwasa allura. In keken ya fara tsallake ɗinki a wurin kauri, ki sa sabuwar allura, ko ki hau lamba 18. In zare yana cukurkuɗewa ta ƙasa, yawanci zaren sama ne bai zauna daidai ba. Ki ɗaga ƙafar keke ki sake zura shi daga farko kafin ki taɓa kwarkwaro.

Ki zura hannu ta ƙofar shafi ki jawo jakar a hankali har ta fito duka. Za ta yamutse, kada hankalinki ya tashi. Ki kalmashe bakin ƙofar ciki ki ɗinke dab da gefe, ko da allurar hannu in kina son kada a gani. Ki tura shafin ciki.

10. Ɗinkin baki da akwatin hannu

Ki murza bakin jakar da yatsu har shafin ya ɗan faɗa ciki, kada ya leƙo ta waje. Ki goge zagaye. Ki bi da ɗinki a kwatan inci daga baki, da manyan taku, atamfa tana sama. Ki fara daga ɗinkin gefe don kullin ya ɓuya.

Ki lalubi inda ƙarshen hannu yake kwance a tsakanin atamfa da shafi, za ki ji kaurinsa ya sauko inci 1 da rabi. A kansa ki zana murabba'i na inci 1, ki ɗinke shi, ki ratsa shi da layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Wuri huɗu ne. Kafin kowanne ki leƙa ciki ki ga shafin a miƙe yake. Ki gwada aikin: ki zuba littattafai masu nauyi, ki ɗaga, ki girgiza, ki duba ko wani zare ya buɗe.

Robar gindi ki yanka ta inci 12 da rabi da inci 3 da rabi, ki zagaye kusurwoyinta da almakashi don kada su huda shafi, ki ɗinka mata riga da ragowar atamfa, ki shimfiɗa a ciki ba tare da kin ɗinke ta da jakar ba. Kwali ba ya yi, ranar da ruwan leda ya fashe a jakar ya gama aiki. Daga ƙarshe ki cusa tawul a ciki ki goge jakar ta waje da ƙyalle a kai, ki fitar da layin kusurwoyi huɗu daga gindi zuwa sama.

11. Lissafin kuɗi ga mai son sayarwa

Farashin kaya yana motsi kusan kowane mako, don haka ki riƙe hanyar lissafin. Turmi yadi 6 ne, ki raba kuɗinsa gida shida, kashi ɗaya na jaka ɗaya ne. Ko da ragowar gida kika yi amfani da ita ki sa mata kuɗi, domin ranar da aka ce ki kawo guda goma sai kin saya. Ki ƙara shafi, gam-ste, maɓalli, da ɗan kaso na zare, allura, gawayi ko wuta, da kuɗin motar kasuwa. A kan wannan ne za ki ɗora kuɗin hannunki, sannan riba. Abin da ya fi karya masu farawa shi ne su lissafa yadi kawai su manta da wunin da suka yi a kan keke. Maɓalli da zare ki saye su dozin, gam-ste kuma yadi da yawa lokaci ɗaya, kuma in za ki yi jaka fiye da ɗaya ki yanka duka, ki manna duka, sannan ki hau keke.

Za a tambaye ki mai zif, musamman masu shiga kasuwa da motar haya, kuma suna da gaskiya. Ki bari sai hannunki ya faɗa da wannan tukuna, domin zif yana tona duk wata karkata da ke cikin yanka. Wadda kika sayar wa kuma ki gaya mata yadda za ta wanke: ta cire robar gindi, ta wanke da hannu a ruwan sanyi, kada ta murɗe wajen matsewa, ta shanya a inuwa a kife, ta goge tun da sauran danshi.